Waiwaye: Yaushe Hayaƙin Yake Fitowa?

Duk wanda ya yi zirga-zirga a titunan Arewa a shekarun 1980 da 1990 ya sha bin bayan Peugeot 504, ko yana so ko ba ya so. Ita ce motar kwamishina, ita ce ta alƙali da shugaban makaranta, kuma idan ta kwana biyu a hannun ma'aikaci sai ta gangara tasha ta shiga jigilar Kano zuwa Jos. A Faransa aka fito da ita a 1968, shekara na zagayowa aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Daga 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, kuma ba a daina 504 a can ba sai tsakiyar shekarun 2000, alhali Faransa ta daina ƙera salun ɗin tun 1983. Shi ya sa zuriya guda ta kanikawa ta tashi a kan injin nan, ta san shi ciki da bai.

Yanzu waɗanda suka rage sun zama abin tattali. Za ka ga saurayi ya fito da ta mahaifinsa daga ƙarƙashin tamfol, ya sake mata fenti da kujeru, ya tayar da ita, sai ga hayaƙi ta salansa. Ya kai ta gareji. Bakaniken yau ya saba jona kwamfuta a jikin mota ta faɗa masa ciwonta, Fijo kuwa ba ta da wurin jonawa. Sai ya dubi hayaƙin, ya girgiza kai, ya yanke hukuncin da ya fi kowane tsada: inji ya gaji, sai an sauke. Wani lokaci gaskiya ce. Sau da yawa kuma hukunci ne da aka yanke ba tare da an yi tambaya ko ɗaya ba.

Maganar launi kowa ya haddace ta, har yaran gareji. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, fari ruwa ne, shuɗi-shuɗi mai ruwan toka kuma baƙin mai ne yake ƙonewa. Wannan karatun ba shi da laifi, sai dai bai kai mutum ko'ina ba. Ya gaya maka abin da ke ƙonewa, bai gaya maka ta inda ya shiga ba, kuma kuɗin gyaran yana rataye ne a kan wannan tambayar ta biyu. Baƙin mai yana da ƙofa biyu da yake bi ya kai inda fetur ke cin wuta. Ko ya hauro daga ƙasa ta gefen fistan idan ringi ya saki, ko ya gangaro daga sama ta jikin sandar bawul idan 'yar robar da ke tare shi ta bushe, ko bututun da sandar ke hawa da sauka a ciki ya yi faɗi. Ta ƙasa tana nufin buɗe inji gaba ɗaya. Ta sama aikin tof silinda ne kawai. Tsoffin kanikawa suna raba waɗannan biyun da tambayar lokaci, kafin su taɓa sifana.

Na ga yadda ake yi a kan motar kawuna, wanda ya sayi 504 da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati, ya riƙe ta har bayan ya yi ritaya. Da ta fara hayaƙi wani matashin bakanike ya yi masa lissafin fistan da ringi da silif, lissafin da ya fi ƙarfin fanshonsa. Sai wani abokinsa ya tura shi wurin wani dattijo mai gareji a ƙarƙashin dalbejiya, ni kuma na raka shi. Dattijon ko bonet bai buɗe ba. Ya jawo benci, aka gaisa, sannan ya fara.

"Alhaji, yaushe take yi? Da safe ko a kan hanya?"

"Wallahi, Malam, kullum take yi."

"A'a, ba kullum ba. Idan ta kwana ka tayar da ita, me kake gani?"

Kawu ya yi shiru yana tunani, ya ce lallai da asuba ne ta fi yi, har maƙwabta suna tsokanar sa wai yana korar sauro, amma kafin ya kai bakin titi ta daina.

"To in ka hau tudu da kaya, ka taka totur sosai?"

"Ban lura da komai ba."

"In ka daɗe a tsaye a go-sulo, ka zo tashi fa?"

"Nan kam tana tuttuɗo shi sau ɗaya."

Dattijon ya ce a bar masa ita ta kwana, kada kowa ya taɓa makulli. Washegari da sassafe ya tsugunna a bayanta, ya sa yaronsa ya tayar. Shuɗin hayaƙi ya fito kamar na minti guda ya ɗauke. Sannan ya hau babur ya bi mu a baya, ya ce kawu ya nemi gangara mai tsawo, ya sauko a giya ta uku ƙafarsa ba ta kan totur, in ya kai ƙasa ya taka. Da ya taka sai ga gajimaren hayaƙi guda, daga nan tas. A kan hawa kuwa, duk da nauyin da aka ɗora wa injin, babu komai. Da muka dawo ya ce, "Alhaji, ƙasan injinka lafiya lau. Kai za mu cire."

Sai daga baya na fahimci dalilin kowace tambaya. Idan mota ta kwana, man da ya taru a saman kai yana tsattsafowa ta jikin sandar bawul kamar yoyon ɗaki, ɗigo-ɗigo har gari ya waye, ya kwanta a bayan bawul ko a kan fistan. Ana tayarwa sai ya ƙone a lokaci guda, shi ke nan sai gobe. Gangara kuma wata hikimar ce. Idan ka ɗage ƙafa daga totur inji yana gudu, ƙofar kafireto a rufe take amma fistan bai daina zuƙa ba. Da ya rasa iska sai zuƙar ta yi ƙarfi, ta jawo duk abin da ta samu, kuma abin da ya fi kusa shi ne man da ke kan sandar bawul. Tsayuwar go-sulo ma haka take, ƙofa a rufe, zuƙa da ƙarfi. Direbobin da ke saukowa Hawan Kibo daga Jos sun san wannan ko ba su san dalili ba: motar da ke gabanka ta gama gangara, direba ya taka, ka ga ta feso shuɗi. Ringi kuwa a kan nauyi yake tona kansa. Lokacin da ka danne totur a kan tudu, wuta ta yi ƙarfi a kan fistan, iskar ƙuna ta kuɓuce ta gefen ringin da ya saki ta cika ƙasan inji, shi kuma ringin ya kasa share man da ke jikin silif. Hayaƙin irin wannan ba ya ɗaukewa, yana ƙaruwa ne da gudu da kaya, kuma zafin inji yana ƙara masa.

Dattijon bai tsaya a kan ido kaɗai ba. Kafin ya kwance ko noti ɗaya ya cire fulogi huɗun, ya jera su a kan fefen mota bisa tsarin da suka fito. Fulogi ba ya ƙarya. Wanda ke aiki daidai bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, a bushe. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya fetur ne ya yi yawa. Baƙi mai danshi da maiƙo baƙin mai ne. Wanda kuma ya fito fes kamar an wanke shi, alhali 'yan'uwansa da datti, to wanke shin aka yi: ruwan lagireto ne ke shiga wannan silindar yana zama tururi. Jera su a tsari yana da amfani domin yana nuna ko cutar ta gama gida ne ko ɗaki ɗaya ta kama. Daga nan ya tayar da injin ya ɗage murfin zuba mai, ya ɗora tafin hannu a kai. 'Yar iska kaɗan ba komai ba ce. Idan kuwa yana huci yana fesar da hayaƙi da ɗigon mai, ringi ya tafi.

Na ƙarshe shi ne gejin matsi, wata 'yar na'ura mai fuskar agogo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Inji da ɗumi, fulogi duka a waje, totur a danne har ƙasa, a murza makulli fistan ya buga sau biyar ko shida, a rubuta abin da allura ta nuna. Lambar kanta ba ta kai bambancin da ke tsakanin silinda huɗun muhimmanci ba, domin geji ya bambanta da geji, batir ma yana da tasa rawar. Abin da ake so shi ne kada ratar ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. A ce uku sun nuna 140, ɗaya ta nuna 90. Sai a zuba baƙin mai kamar cokalin shayi a ramin mai rauni a sake gwadawa. Idan allura ta yi sama sosai, man ne ya toshe ratar ringi na ɗan lokaci, ke nan ringi ne ko silif. Idan ba ta motsa ba, iskar ta sama take zurarewa, ta bawul ɗin da ya ƙone ko bai zauna daidai ba. Idan kuma biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gasket ya cinye a tsakaninsu. Gwajin nan duka bai kai awa guda ba, kuma kuɗin gejin bai taka kara ya karya ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne garejin da zai nemi ka kawo kuɗin fistan huɗu amma ba shi da wannan 'yar na'urar a akwati.

Gejin ma yana da iyakarsa. Kowane fistan ringi uku gare shi, biyu na sama masu riƙe matsi, na ƙasa mai share mai. Motar da ta yi shekaru a ajiye, ko wadda aka riƙa barin mai ya daɗe a cikinta, ringin ƙasan kan maƙale da dauɗa a cikin raminsa. Matsi zai fito lafiya, mota kuma tana shan mai. Saboda haka duk wanda ya farfaɗo da motar da ta daɗe a kwance, ina ganin ya canza mai da filta, ya yi 'yan ɗaruruwan kilomita da ita kafin ya yarda a yanke mata hukunci. Wasu suna warwarewa da kansu. Akwai kuma abubuwa biyu marasa tsada da ke kwaikwayon mutuwar inji: a cika mai ya wuce layin sama na gejin mai, ko tiyon da ƙasan inji ke numfashi ta cikinsa ya toshe. Ya kamata mai mota ya riƙa rubuta yawan man da yake ƙarawa da nisan da ya yi. Masu ƙera motoci da dama suna ɗaukar lita 1 a kilomita 1,000 a matsayin iyaka. Tsohuwar motar da ke shan rabin haka, fulogi ba ya jiƙewa, fitilar mai ba ta kyaftawa in ta yi zafi, za ta iya shekaru a haka.

Baƙin hayaƙi shi mutane suka fi rainawa, tunda gyaransa ba wuya: cok ya maƙale, ko allurar da ke tare fetur a kwanon kafireto ta daina rufewa, ko filtar iska ta toshe. Rainin nan kuskure ne, domin baƙi uban shuɗi ne. Injin fetur yana son iska kusan ninki 15 na nauyin fetur. Idan fetur ya wuce kima, ragowar da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silif, ringi ya riƙa gogar ƙarfe tsirara, sauran kuma ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin mai. Wanda ya yi shekara yana yawo da baƙin hayaƙi yana cewa ai fetur kawai take sha, yana sayen shuɗi ne a hankali. Famfon fetur na irin waɗannan motocin a jikin inji yake, kuma idan fatar cikinsa ta tsage fetur yana zuba kai tsaye cikin mai. Alamarsa ita ce mai ya riƙa ƙaruwa a geji maimakon raguwa, kuma ka ji warin fetur in ka sunsuna. Kada a yi waɗannan gwaje-gwajen a rufaffen gareji. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari.

Fari kuma shi ya fi tsorata mutane a banza. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. Da sanyin hunturu, musamman a Jos ko Zariya da asuba, salansa a sanyaye take, sai ka ga farin tururi har da ɗigon ruwa. Yana bajewa nan take, kuma da mota ta ɗau zafi zai ɓace. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri da ke nan bayan an yi tafiya mai nisa, ga ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ga kumfa tana tasowa a bakin lagireto in inji na aiki, ga mai ya koma kalar shayi da madara. A buɗe murfin lagireton tun inji da sanyi, kada a taɓa shi da zafi. Akwai kuma wani farin da ya sa aka cire kan inji da yawa ba da haƙƙinsu ba. Gangar nan da ke bayan mastar birki, wadda ke sauƙaƙa taka birki, da zuƙar inji take aiki ta wani tiyo. Idan robar masta ta lalace man birki yana tsiyaya cikin gangar, inji ya zuƙe shi ya ƙona, ya fito fari. Mai mota zai lura man birki yana raguwa ba tare da ya ga jiƙa a ƙafafun mota ba, kuma hayaƙin ya fi fitowa bayan an taka birki. Wannan ciwon birki ne, kuma ya fi ciwon inji gaggawa.

A motar kawu, da aka zo cire kai na ga wani abu da har yau nake auna bakaniken Fijo da shi. Injin 504 mai cc 1971 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyon, kuma silif ɗinsa ba a jikin gangar aka huda su ba. Zura su ake yi, ruwa yana zagaye da su, akwai abin toshewa a gindin kowanne, kuma nauyin ɗaurin kai ne ke danne su a wurinsu. Dattijon bai ɗaga kan sama kai tsaye ba. Ya girgiza shi gefe har ya rabu da gasket, yana ɗagewa kuma ya ɗauko wasu ƙarafa ya ɗaure silif ɗin da noti. Kafin ya gama ɗaurewa yaronsa ya kai hannu zai juya inji, sai ya daka masa tsawa: "Kai! In ka juya min karanshaf yanzu silif ya ɗaga, kai za ka biya Alhaji." Silif in ya motsa ko kaɗan, toshin gindinsa ya buɗe, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai. Sai a gama aikin kai lafiya, bayan mako mai mota ya dawo da mai fari, a ce masa ai dama injin ya gaji. Wannan tsarin kuma shi ne alherin injin. Idan da gaske ya gaji, ba a kai shi wurin masu huda. Ana zare tsoffin silif da fistan a zura sababbi, inji ya koma kamar ranar da ya fito. Da wannan ne motocin haya suka yi ta mutuwa suna tashi shekara da shekaru.

Aka canza robobin bawul, aka sake bututu biyu da suka yi faɗi, aka wasa bawul ɗin suka zauna, aka mayar da kai. Dattijon ya ce a dawo bayan kamar kilomita 1,000 a sake ɗaure notocin kai a daidaita tafet. Hayaƙin asuba ya ɗauke, kuma ƙasan injin ya ƙara shekaru masu yawa kafin nasa lokacin ya zo.

Idan lokacin ya zo, akwai rowar da ba ta biya. Mutum ya ga tsadar silif sai ya ce a sa ringi kawai. Fistan ba ya cin silif daidai wa daida. Ya fi ci a sama inda zafi yake, kuma ya fi cin gefe biyu, har ramin ya tashi daga da'ira. Ka sa farce a bakin silif daga ciki, in ka ji tudu ya tare ka, to sabon ringi mai da'ira ba zai zauna a wannan ramin ba, kuma na saman yana iya bugun tudun ya karye. Bayan wata uku hayaƙi ya dawo, an yi asarar kuɗin aiki da na gasket. Haka masu zuba mai mai kauri kamar zuma, ko wani haɗin gwangwani, don hayaƙi ya lafa. Dillalai sun san wannan dabarar, shi ya sa mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya je da sassafe, ya dafa inji ya tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, ya kuma ja gejin mai ya ga yadda yake ɗiga. In ka iso ka tarar an riga an ɗumama ta, ka tambayi dalili.

Abin da ya cinye injinan nan tun farko kuwa, a ganina, ƙura ce fiye da nisan tafiya. Kafin inji ya ƙona litar fetur 1 sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000. Ka tuna iskar Kano ko Maraɗi a watan Janairu, ko hanyar ƙauye da rani a bayan babbar mota. Ƙurar nan garin yashi ce, ta fi ƙarfen ringi tauri, kuma in ta haɗu da mai aikinta wasa ƙarfe. Wasu daga cikin motocin da aka yi wa ƙasashe masu ƙura suna da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, wadda ke kama ƙura sosai muddin ana wanke ta ana sake man. Amma na sha ganin an cire filta gaba ɗaya wai don mota ta sha iska, kamar yadda ake cire tamostat wai don kada ta yi zafi, alhali injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi saurin cinyewa. Ga kuma ruwan rijiya tsura a lagireto, mai cin kan alminiyon yana toshe hanyoyi da gishiri. Wanda ya kashe kuɗi ya sabunta fistan da silif, ya bar waɗannan yadda suke, zai sake biyan kuɗin nan. Kafin a tayar da sabon inji a cire tiyon da ya taso daga filta zuwa kafireto, a lanƙwasa shi a duba ko ya tsage, a zura yatsa a shafo cikinsa. In yatsa ya fito da gari mai kurza-kurza, ƙura tana wucewa ta wani wuri, kuma sai an gano wurin an toshe kafin motar ta bar gareji.